Daga Rafukan Kagoma Zuwa Tafkin Kainji: Idon Raga Da Makomar Kifi

Ƙasar Kagoma tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi. Mutanenta Gwong suke kiran kansu, sarkinsu kuwa Kpop Gwong, fadarsa tana garin da aka fi sani da Fadan Kagoma. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da inuwar manyan itatuwa, wadda Allah ya hore wa ruwan sama tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba, ta yadda citta da doya da acca da gwaza suke yin kyau ba tare da wahalar ban ruwa ba. Baƙon da ya fito daga Katsina ko Daura, inda ake ɗaga kai ana duban hadari har cikin watan Yuni, in ya iso nan da farkon damina sai ya ga kamar an sauya masa duniya.

Inda ruwan sama ya wadata, rafi ba ya wuya. Kusan kowane kwari a wannan yanki yana da ƙoramarsa, wasu su ƙafe da rani, wasu kuwa su yi ta gudu har shekara ta zagayo. Mafi shahara shi ne ruwan Matsirga da ke kusa da Kafanchan, inda kogi yake zubowa daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 30, rugugin faɗuwarsa yana iso wa mutum tun bai hango shi ba. Amma duk da wannan yalwa, mutanen Kagoma da maƙwabtansu na Jaba da Kagoro manoma ne. Su a wurinsu aikin rani ne. Idan ruwa ya janye, rafi ya tsittsinke ya zama kududdufai, sai samari su fita da fatsa, mata da kwanduna, a kamo tarwaɗa da karfasa da ƙaguwa gwargwadon abin da zai gyara miyar dare.

Kifin da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan, garin da ya haɓaka tun da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, yawancinsa baƙo ne. Akwai na ƙanƙara wanda ake kawowa daga teku, akwai tarwaɗar kiwo, akwai kuma banda, wato kyafaffen kifi, wadda fatake suke ɗaukowa daga manyan ruwayen ƙasar nan, irin su Binuwai da Chadi da Kwara. A kan wannan ta ukun ce ake jin kuka iri ɗaya a kasuwannin Arewa, daga bakin mai saye har na mai sayarwa, cewa kifi ya ƙanƙance. Tiren da a dā 'yan ƙwarori manya suke cikawa, yanzu sai an tula masa ƙanana rututu. To, da yake ruwa ba ya tsami banza, wanda ke son sanin dalili sai ya bi sawun bandar nan zuwa inda ta fito.

HANYAR YAWURI

Daga Fadan Kagoma zuwa Yawuri tafiyar yini guda ce cur, in mota tana da lafiya. Matafiyi zai bi ta Kwoi ya gangara wajen Abuja, ya wuce Suleja ya shiga Minna, sa'an nan ya kama hanyar Zungeru. A nan zai ƙetare kogin Kaduna, a garin da Turawa suka mayar hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 kafin a komar da ita Kaduna, inda kuma aka haifi Dakta Nnamdi Azikiwe a 1904. Daga nan sai Tegina, sai Kwantagora ta Sarkin Sudan. A 'yan shekarun nan direbobi ba su yarda dare ya riske su a wannan tsakani, saboda matsalar tsaro. Tun daga Kwantagora ƙasa take buɗewa, duwatsu su ragu, giginyu su yawaita, har hanci ya fara jiyo hayaƙin banda. Wannan alama ce an iso Yelwa.

Yawuri tsohuwar masarauta ce wadda masu tarihi suke lissafawa cikin Banza Bakwai, yanzu kuma tana cikin Jihar Kebbi. Tun zamanin ayari, fataken goro masu zuwa Gwanja sun san mashigarta. Baturen nan Mungo Park ya ratsa ta cikin jirginsa a 1806, kafin ajali ya cim masa a ruwan Busa, haka nan Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a cikinta a 1830, suna neman inda Kwara ta faɗa teku. A gaɓar kogin da tsibiransa akwai Gungawa, manoman albasa da shinkafa, akwai kuma Sarkawa, waɗanda su ne masunta na gado, masu sarautar ruwa. Yaro a cikinsu yakan iya tuƙa kwale-kwale tun bai iya ɗaura wando da kyau ba.

Bakin ruwan Yelwa ran kasuwa abin kallo ne. Jirage masu inji suna shigowa daga ƙauyukan tafki, maƙil da mutane da buhuna da kwanduna. Gefe guda mata suna jera kifi a kan waya bisa murhun laka, suna juya shi cikin hayaƙi. Gefe guda dillalai suna ciniki da fatake daga Anaca da Ikko da Kaduna, ana cusa banda a kwalaye ana ɗaurewa. Duk kifin da Bahaushe ya san sunansa yana iya ganinsa a nan: giwan ruwa da ramboshi da bargi da yauni, kurungu mai ƙaya, ragon ruwa, falia, tsage mai haƙora, har da minjirya wadda ba a taɓa ta da ganganci. Sai dai mai lura zai ga manya ƙalilan ne, su ne kuma ake rububi a kansu.

TAFKIN DA HANNU YA GINA

Ruwan da ke gaban Yelwa ba haka yake ba a zamanin kakanni. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa a Kainji, kamfanonin Italiya suka yi aikin, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Manufar ita ce samar da wutar lantarki. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136 da faɗin da ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka gina musu sababbin matsugunai, ciki har da Sabuwar Busa.

Tafkin yana samun cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a ƙasashen kusa. Akwai kuma baƙin ruwa, garau da shi, wanda ke isowa cikin hunturu, bayan ya taso daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa akwai bambancin kimanin mita goma. Wannan hawa da sauka shi ne rayuwar kifi, domin idan ruwa ya hau ya mamaye ciyayin gaɓa, a nan yawancin kifaye suke zuba ƙwai, a nan kuma 'ya'yansu suke samun abinci da maɓoya. Bargi yakan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa. Karfasa takan haƙa ɗan gurbi a ruwa marar zurfi, uwar ta kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a wannan hali, ba kifi ɗaya ya kama ba.

Shekarun farko na tafkin shekarun gaɓa-ta-kai-ni ne. Gonaki da dazuzzukan da ruwa ya cinye suka zama taki, kifi ya yi ta hayayyafa, musamman falia. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. An ƙiyasta abin da aka kama a 1971 da kimanin tan 28,000. Kafin shekarun 1970 su ƙare, ya faɗo zuwa wajen tan 5,000. Wani ɓangare na wannan faɗuwa ɗabi'ar kowane sabon tafki ce, gama takin farko yakan ƙare. Wani ɓangaren kuwa aikin hannun mutane ne.

RAGA DA IDONTA

A dā masunci da kansa yake murza zare ya saƙa komarsa, aikin da kan ci watanni. Saboda haka ba ya ɓata ƙarfinsa wajen saƙa ƙaramin ido, gama ido in ya ƙanƙance, ƙulli ya yawaita. Zuwan zaren roba ya kawar da wannan wahala. Yanzu raga a ɗinke ake sayenta a kasuwa, ta kowane irin ido, mai sauƙin kuɗi, wata ma siririya ce har kifi ba ya ganinta a ruwa. Masu iya magana sun ce kifi na ganinka mai jar koma, amma wannan komar ta zamani ta ƙaryata karin maganar.

Masunta da yatsa suke auna ido: mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai uku, har zuwa mai shan hannu. Kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana, tana kama kifi ne ta wuya. Wanda ya fi idon ƙanƙanta sai ya sulale ya wuce, wanda ya yi daidai da shi kuwa sai kansa ya shiga, jikinsa ya ƙi. Ke nan idon raga shi ne alƙalin da ke yanke wa kowane kifi hukunci, ko ya rayu ya hayayyafa, ko ya hau waya.

Yadda ɓarnar take tafiya a bayyane yake. Idan manyan kifaye suka ragu, mai raga mai yatsa huɗu sai ya dawo gida hannu rabbana. Maƙwabcinsa da ya sayi mai yatsa biyu kuwa ya cika kwando. Kashegari shi ma sai ya sayi mai biyu. In an jima, mai biyun ta daina kamu, domin an kwashe waɗanda za su girma, sai a koma mai ɗaya. Kowane mataki da aka sauka yana da hujjarsa a wurin mai iyali, amma duk taron suna sara reshen da suke zaune a kai ne. Bugu da ƙari, masunta da yawa bashi suke karɓar raga da inji daga hannun fatake, da sharaɗin su sayar musu da abin da suka kamo. Wanda bashi ke bi ba shi da halin jiran kifi ya girma.

Ban da kalli, akwai birgi da ake jefawa, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai gura, tarkon nan da masuntan Mali suka shigo da shi. Amma wadda ta fi kowace jawo gardama ita ce dala. Raga ce doguwa ƙwarai, idonta kamar na gidan sauro, ana zagaya ruwa da ita cikin jirgi, sa'an nan ƙarti su jawo ta gaɓa. An yi ta ne don warangi, ɗan kifin nan da ko ya tsufa ba ya wuce tsawon yatsa, wanda ake shanyawa a rana a auna a buhu. Kama warangi ba laifi ba ne, gama shi iyakar girmansa ke nan, kuma shi ne naman talaka. Abin takaicin shi ne dala ba ta tambayar suna. Duk abin da ta tarar a gaɓa sai ta kwaso, har da 'ya'yan falia da karfasa da giwan ruwa, waɗanda da an bar su da sun zama kifin dubban Naira. Giwan ruwan da kan wuce kilo 100 in ya samu rai, sai ga shi a shanye a tabarma, ana awonsa a mudu.

DOKA TA SHIGA RUWA

Gwamnati ba ta rasa masaniya a kan wannan ba. Tun 1968 aka kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa, wanda a 1987 ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa. A 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Dokar Soja mai lamba 108 game da su a koguna da tafkuna. Dokar ta hana su da ragar da idonta ya gaza milimita 76, wato inci uku, in ban da wasu kayan da aka keɓe don kama irin su warangi. Ta kuma haramta amfani da nakiya da guba da lantarki.

A 1993 aka fara wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don inganta su a Kainji. Ma'aikatansa suka bi gaɓa suna ƙirga jirage da raga, suka tarar da ƙauyukan su kusan 300 da masu jirage fiye da 5,000, ban da yaransu. Lissafinsu ya nuna abin da aka kama a 1996 ya haura tan 38,000. Wanda ya ji wannan adadi sai ya ce ai tafki ya farfaɗo, alhali kuwa kaso mai tsoka a cikinsa warangi ne da dala ta kwaso. Nauyi ya ƙaru, amma kifi ya ƙanƙance.

A 1997 jihohin Neja da Kebbi, waɗanda suka raba tafkin a tsakaninsu, suka kafa dokokinsu. Aka tsayar da inci uku ga kalli, aka haramta dala, aka kuma wajabta yankar lasisi. Hikimar da aka yi a wannan karo ita ce shigar da sarakuna. Masarautun Yawuri da Bargu da Kwantagora suka sa hannu, sarakunan ruwa na ƙauyuka suka zama su ne idon hukuma. Masuncin da zai iya ɓoye wa ma'aikacin gwamnati mai zuwa sau ɗaya a wata, ba zai iya ɓoye wa Sarkin Ruwan da suke salla a masallaci ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru dala ta ragu ƙwarai a tafkin.

To, amma doka a ruwa tana bukatar jirgi, jirgi kuma yana bukatar mai. Da shirin ya ƙare, sintiri ya yi sanyi, ragar ƙaramin ido ta ci gaba da shiga ruwa. Tarar da aka yanka a 1992, wadda ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubban Naira ba, faɗuwar darajar kuɗi ta mayar da ita abin dariya. Kuma wanda aka karɓe wa dala ba a ba shi wata sana'ar ba, da wuya ya daɗe bai sayi wata ba.

YADDA AKE YI A AMURKA

Wannan damuwa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A tafkunan Amurka akwai wani kifi da suke kira kirafi, mai faɗin jiki kamar karfasa, da ɗigo-ɗigo a jikinsa, namansa fari mai daɗi, galibi bai cika kai kilo guda ba. Iri biyu ne, fari da baƙi. Miliyoyin mutane suna fita kamunsa da fatsa, don nishaɗi da kuma tukunya. Da yake da ƙugiya ake kama shi, yana fitowa da ransa, sai hukumominsu suka ɗora doka a kan tsawon kifin kansa. A Jihar Teksas, ƙa'idar gama-gari ita ce kada a riƙe wanda bai kai inci 10 ba, kada kuma mutum ya wuce guda 25 a yini. A wasu manyan tafkunan Jihar Misisipi sai ya haura inci 12. Mai fatsa yana tafe da ɗan allon awo a jirginsa. Ya rufe bakin kifin, ya matse wutsiyar, ya duba. In bai kai ba, sai ya zare ƙugiya ya mayar da shi ruwa. Manufar ita ce a bar kifi ya yi nama, ya kuma zuba ƙwai ko da sau ɗaya ne kafin ya shiga kasko.

Abin koyi a wurinsu shi ne ba su ɗauki awo ɗaya a matsayin maganin kowace cuta ba. Sun lura cewa a ƙaramin tafki kirafi yakan hayayyafa fiye da abincin da ke ciki, duk su tsumbure, babu mai kai inci 10. A irin wannan wuri, hana kama ƙanana ƙara ɓarna yake yi. Duk mai kiwon karfasa a kududdufi ya san wannan matsala. Haka nan a tafkin Fork na Teksas, daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ana ɗage ƙa'idar tsawo, a kuma wajabta wa mutum ya riƙe duk wanda ya kama har ya cika adadinsa. Dalili kuwa, da sanyi kifin yana can ƙasa cikin zurfi, in an jawo shi sama da sauri jakar iskar cikinsa takan kumbura, ko an sake shi mutuwa zai yi. Sa'an nan kuɗin aikin ba ya yankewa, domin tun 1950 suka kafa dokar da ta sa haraji a kan kayan fatsa, ana mayar da kuɗin ga hukumomin kifi na jihohi, ban da kuɗin lasisi.

Bambancin da ke tsakaninsu da Kainji a fili yake. Kifin da ya kwana a kalli, da safe gawa ne, allon awo ba zai amfane shi da kome ba. Shi ya sa a nan dole a yi awon tun a kasuwar raga, kafin a jiƙa ta. Kuma mai fatsa a Teksas in ya saki kifi, nishaɗinsa ne ya ragu kaɗan, alhali masuncin Yawuri tuwon 'ya'yansa ne. Ƙasashen da ke kewaye da tafkin Biktoriya, wato Uganda da Kenya da Tanzaniya, sun haɗa hanyoyin biyu: sun ƙayyade idon raga, sun kuma hana kama giwan ruwan da bai kai santimita 50 ba, har ana bin masana'antun gyaran kifi ana dubawa. Wato sun gane cewa muddin akwai mai saye, ba za a rasa mai kamowa ba.

ABIN DA ARGUNGU TA RIƘE

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga amfanin haƙuri da kifi. A arewa da Yawuri, cikin Jihar Kebbi, akwai Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo shahararsa daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, alamar ƙarewar tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. 'Yan kallo sukan yi mamakin yadda dubban mutane za su ruga cikin Matan Fada da homa da gora kawai, cikin sa'a guda su fito da kifin da sai mutum biyu ko uku sun taru kafin su ɗaga shi. A bikin 2020, wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi.

Ko mene ne ake faɗa game da asirin Kabawa, akwai dalili ɗaya da ido ke gani. Wannan yanki na kogin a rufe yake sauran kwanakin shekara, babu mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kifi ya samu wurin da zai tsufa. Wannan tsari na rufe ruwa a buɗe shi ran su ba Argungu kaɗai ta san shi ba, ya yaɗu a fadamun ƙasar Hausa tun kafin a rubuta wata doka. Masana na zamani da suke kiran a keɓe wa kifi wuraren hayayyafa, abin da kakannin Sarkawa da Kabawa suka sani ne suke faɗa da wani harshe.

ƘARAMIN RUWA, BABBAR HASARA

Idan tafki mai girman Kainji yana iya gajiya, to ina ga rafin da yaro ke tsallakewa? A nan ne maganar ta shafi ƙasashe irin su Kagoma. Kududdufin da ya rage a rafi cikin watan Maris shi ne rumbun irin kifin wannan rafi baki ɗaya. Abin da ya tsira a cikinsa shi zai cika ruwan in damina ta sauka. A dā, a wurare da dama na Arewa, akan daka ganyen magimfa a zuba, kifi ya bugu ya taso, ƙarfin ganyen kuma ya gushe bayan ɗan lokaci. Daga baya wasu suka koma zuba maganin ƙwarin gona irin su Gamalin 20, wanda ba ya barin babba balle ƙwai, ga kuma haɗari ga mai ci da mai shan ruwan a gangare. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da su a gona. Sai kuma gidan sauro, wanda ake rabawa don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, amma a ƙasashen Afirka da yawa ya zama dalar talaka. Hasara biyu ke nan, a ɗaki da kuma a rafi.

Maganin bai fi ƙarfin jama'a ba. Dagaci da dattawan gari suna iya keɓe kududdufi ɗaya ko biyu mafi zurfi a kowane rafi, a ce ba a taɓa su sai shekara ta zagayo. Malaman makaranta da limamai da fastoci suna iya nuna wa samari bambancin kifin da ya isa ci da wanda bai isa ba, ko da tafin hannu ne ma'aunin. A manyan ruwaye kuwa, aikin yana kan hukumomin jihohi su sabunta tara, su bi 'yan kasuwar da ke shigo da ragar ƙaramin ido, su mayar wa sarakunan ruwa ikon da aka gwada aka ga amfaninsa a ƙarshen shekarun 1990, su kuma sama wa masunci abin yi a watannin da kifi ke zuba ƙwai, ko noman rani ne ko kiwo.

Manomin citta a Kagoma, kome tsadar da ta yi a kasuwa, ba ya sayar da irin da zai shuka baɗi, wanda ya yi haka kuwa gari ya san sunan da ake kiransa. Masunci ba ya shuka, ba ya sayen taki, Allah ne ke yi masa noman. Abin da aka nema a gare shi kawai shi ne ya bar wa ruwa irinsa, faɗin yatsa uku ko huɗu a jikin raga. Allah ya ba shugabanni ikon tsayar da doka, ya ba talakawa halin bin ta, amin.